Johannesburg da Cape Town: Inda Kowane Birni Ya Ajiye Talakawansa

Kawuna ne ya jefo mini tambayar, ranar da bizarsa ta Afirka ta Kudu ta fito. Kwana goma zai yi, rabi harkar kasuwa rabi buɗe ido, kuma shi mutum ne da ba ya son a kai shi otal ɗin bayan gari a kulle kamar amarya. Ya fi son ya sauka inda zai fito da asuba ya taka da ƙafarsa, ya ga yadda mutanen gari ke buɗe shaguna.

Ya ce, "Ɗana, kai da ka taka garuruwan nan biyu, faɗa mini tsakani da Allah. A tsakiyar wanne zan yi yawona ba tare da an raba ni da wayata ba?"

Na ce, "Cape Town, Kawu."

Ya ce, "To madalla, ashe ita ce mai zaman lafiya."

Nan na ce masa a'a, ban faɗi haka ba. Ya dube ni kamar wanda ke neman raina masa wayo, kuma da gaskiyarsa, domin amsoshin biyu sun yi kama da masu karo da juna. Amma duka gaskiya ne. Tsakiyar Cape Town ta fi tsakiyar Johannesburg kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Birnin Cape Town ɗungurungum kuwa ya fi Johannesburg yawan kisan kai idan aka auna da yawan jama'a. A shekarun nan ana kashe sama da mutum 60 cikin kowane 100,000 a shekara a Cape Town, abin da ke sa sunanta yawan fitowa a jerin biranen duniya da aka fi zubar da jini, alhali na Johannesburg bai kai haka ba. Ƙasar ita kanta ta ƙirga kisan kai sama da 27,000 a shekarar 2022 zuwa 2023, wato kusan mutum 75 kowace rana ta Allah. Saboda haka wanda ya tambayi wanne ya fi tsaro sai a fara tambayarsa: tsaron wa, kuma a wace unguwa?

Ranar da na fara shiga ƙwaryar Johannesburg, ta tashar Park na fito, babbar tashar da jiragen ƙasa da manyan motocin safa masu zuwa Zimbabuwe da Malawi da Mozambik ke haɗuwa. Ina fitowa na zaro waya zan duba taswira. Direban da ya zo ɗaukata bai ko gaishe ni ba tukuna, ya dafe hannuna ya ce in mayar da ita aljihun gaba, in kuma juyo da jakata ƙirji. Da muka shiga mota ya ɗaga gilasai ya danna makulli, sannan ya ce sannu da zuwa. Duk danjar da muka tsaya sai ya bar tazara tsakaninsa da motar gaba, idonsa a madubi. Rabin danjojin ma ba sa aiki, wasu samari ne marasa aikin yi ke ba motoci hannu ana miƙa musu 'yan canji. Amma abin da ban zata ba shi ne cikar garin. Na ɗauka kufai zan gani, sai na tarar da titi maƙil: mata masu tallar tumatir da gasasshiyar masara, masu aski a ƙarƙashin rumfar leda, motocin hayis jere kamar tururuwa, 'yan Habasha da shagunan tufafi hawa a kan hawa a cikin tsofaffin benayen likitoci, masu sayayya daga ƙasashe maƙwabta suna jan manyan jakunkuna irin waɗanda muke kira Gana-mas-go. Wanda ya san Kantin Kwari ko Sabon Gari da rana tsaka ba zai ji baƙunta sosai ba, sai dai a nan benayen sun kai hawa talatin, arba'in.

Wannan cikar ita ce bakin zaren. An kafa Johannesburg ne a 1886 a kan zinariya, shi ya sa Zulu ke ce mata Egoli, garin zinariya. Dokar raba unguwanni ta 1950 ta keɓe tsakiyar garin ga Turawa zalla. Baƙar fata ya shigo da safe ya yi aiki, kafin dare ya koma Soweto, unguwar baƙaƙe ta bayan gari, da takardar izini a aljihu. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 dokar ta fara yoyo a unguwar Hillbrow, inda benaye suka yi wa Turawa yawa, masu gidaje suka fara ba Indiyawa da baƙaƙe haya a ɓoye, da tsada, ba tare da wata takarda ba. Ɗan haya da doka ba ta san da zamansa ba kuwa ba shi da bakin ƙorafi in famfo ya lalace. Sai mai gida ya daina gyara, ɗan haya ya kawo 'yan'uwa su raba kuɗin ɗaki, ɗakin mutum biyu ya koma na takwas. Da aka soke takardar izinin shiga gari a 1986, aka kuma soke dokar raba unguwanni a 1991, talakawa suka kwararo inda aiki yake, bankuna kuma suka daina ba da lamuni a yankin.

Kuɗi kuwa ya riga ya samu wurin gudu. Arewacin Johannesburg fili ne shimfiɗe, babu dutse babu teku da za su tare shi, kuma tun 1973 aka buɗe babbar cibiyar kasuwanci a Sandton. Kamfanoni suka bi juna ɗaya bayan ɗaya. Otal ɗin Carlton, wanda a da shugabannin ƙasashe ke sauka, ya rufe a 1998. Kasuwar hannun jari ta tattara ta koma Sandton a 2000. Benen Carlton mai hawa 50 da tsayin mita 223, wanda ya shafe shekara 46 yana riƙe da kambun gini mafi tsawo a Afirka, a 2019 wani bene na Sandton ya ƙwace masa. Yau baƙo zai iya sauka filin jirgin O.R. Tambo, ya hau jirgin ƙasa na Gautrain, cikin minti 15 yana Sandton, ya gama harkarsa ya koma gida yana cewa ya je Johannesburg, bai taɓa ganin tsakiyarta ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Benayen da masu su suka gudu suka bari da bashin wuta da ruwa, wasu gungun mutane suka mamaye su, suka kafa mai gadi da bindiga a ƙofa, suka yayyanka ofisoshi da falankai da kwali suna karɓar haya. Mutanen garin suna kiran wannan da kalmar da suke amfani da ita in an yi fashin mota, wato an yi fashin gini. Hukuma ta yanke wuta, sai a jawo ta sata. Ta yanke ruwa, sai a koma bokiti. Mai karatu zai ce, me ya hana gwamnati ta kwashe mutanen ta gyara? Tsarin mulkin ƙasar ne ya hana a fitar da mutum daga matsuguninsa ba da umarnin kotu ba, kuma Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci a 2008 da 2011 cewa dole hukumar birni ta tanadi wurin zama na wucin gadi ga wanda korar za ta bari a titi. Dokar tana da dalilinta a ƙasar da aka shafe shekaru ana rushe wa baƙar fata gida da katafila. Hukumar birnin dai ba ta gina isassun wuraren ba, sai aka tsaya cak: ba a kora ba, ba a gyara ba.

Ƙarshen wannan tsayuwar ya bayyana a daren 31 ga Agusta 2023, lokacin da gobara ta tashi a wani bene mai hawa biyar a lamba 80 titin Albert, wanda ake kira Usindiso. Mutum 76 suka mutu, da yawansu baƙi ne daga Malawi da Tanzaniya, wasu a bakin ƙofar ƙarfe da aka kulle don tsoron ɓarayi, wasu kuma sun diro ta taga. Ginin mallakar hukumar birnin ne da kanta. A zamanin wariyar launin fata, nan ne ofishin da baƙar fata ke bin layi don karɓar takardar izinin zama a gari. Kwamitin binciken da tsohuwar alƙaliyar Kotun Tsarin Mulki Sisi Khampepe ta jagoranta ya ɗora wa hukumar birnin alhaki, domin ta san halin da ginin ke ciki shekaru kafin gobarar. Makonni shida kafin nan, ranar 19 ga Yuli, iskar gas ta fashe a ƙarƙashin titin Lilian Ngoyi, wanda aka fi sani da Bree, ta tsaga kwalta ta kifar da motocin haya, aka shafe shekara biyu wannan babban titi na rufe. Wa zai gyara? Daga ƙarshen 2019 zuwa 2024 kujerar magajin garin ta sauya hannu sau tara, wasu ta mutuwa, yawanci ta rikicin ƙawancen jam'iyyu. Har Shugaba Ramaphosa, da ya zagaya garin a farkon 2025 ana shirin taron G20, ya fito fili ya ce abin da ya gani bai yi masa daɗi ba.

Awa biyu a jirgin sama, kilomita kusan 1,400 a mota, sai ga wata duniya. A Cape Town na fito daga masauki bayan isha'i na taka har dandalin Greenmarket na dawo, waya a hannu wani lokacin, ban ji gabana ya faɗi ba. Kusan kowace kusurwa akwai mai gadi da riga mai ƙyalli da rediyon hannu, ga masu shara suna aiki cikin dare.

Waɗannan ba 'yan sanda ba ne, kuma ba haka garin yake ba tun asali. A ƙarshen shekarun 1990 tsakiyar Cape Town ta kama hanyar da Johannesburg ta bi: ofisoshi suna zama fayau, kamfanoni na komawa unguwannin waje. Sai masu gine-gine da hukumar birni suka haɗa kai, a 2000 aka kafa wata hukuma da ake kira CCID a taƙaice. Kowane mai gini a yankin yana biyan ƙarin haraji a kan wanda ya saba biya, hukumar birni ta karɓa ta miƙa, da shi ake ɗaukar ɗaruruwan masu gadi, da masu shara, da ma'aikatan da ke kula da masu kwana a titi, ga kyamarori. Yankin duka bai fi murabba'in kilomita ɗaya da rabi da ɗoriya ba. Abin dariya, a Johannesburg aka fara gwada wannan dabara a farkon shekarun 1990, kuma har yau tana aiki a can, amma tsibiri-tsibiri: titin Main inda ofisoshin ma'adinai da bankuna suke, Braamfontein ta ɗalibai, Maboneng ta masu zane da gidajen shan gahawa. Kana cikin tsibirin kana lafiya, ka ƙetare titi biyu ka shiga wani hali. A Cape Town an yi abin kafin masu kuɗin su gama guduwa, yankin ƙarami ne, ga majalisar dokokin ƙasa a ciki, ga dutse ta baya ga teku ta gaba, ga kuɗin masu yawon buɗe ido. Jam'iyya ɗaya ce kuma, DA, ke jan ragamar birnin tun 2006, ko me mutum zai ce game da siyasarta, wanda ya fara aiki yana samun lokacin gama shi.

Sai dai akwai wani dalilin da takardun talla ba sa faɗa. Talakan Cape Town ba ya kwana a tsakiyar gari, domin an riga an fitar da shi. Dab da ƙwaryar birnin akwai wani fili fetal da ciyawa ta rufe, masallatai da coci-coci tsaye jefi-jefi a cikinsa kamar haƙoran tsoho. Nan ce District Six, unguwar da Musulmi da Kirista da Yahudawa, baƙaƙe da ruwa-biyu da Indiyawa suka zauna a cakuɗe. Ranar 11 ga Fabrairu 1966 gwamnati ta ayyana ta a matsayin ta Turawa, aka kwashe mutum sama da 60,000, aka rushe gidajensu, aka zube su a wani fili mai yashi da iska da ake kira Cape Flats, nesa da aiki, nesa da dangi. A can, cikin benayen gwamnati masu kama da bariki, ƙungiyoyin 'yan daba suka yi jijiya, kuma a can ne gawarwakin da ke cikin alƙaluman nan suke faɗuwa: Nyanga, Delft, Mfuleni, Gugulethu, Manenberg, Khayelitsha mai nisan kilomita 30. A Yulin 2019 sai da aka tura sojoji. Mai gadin da ya sa na yi yawona lafiya da dare, da matar da ta gyara mini gado, in sun tashi aiki can suke komawa, cikin hayis, domin layin dogon da ke kai su ya durƙushe a 2019 har mutane suka kafa gidajen kwano a kan dogon.

Ana ganin wannan tun daga filin jirgi. Babbar hanyar N2 da ke kai baƙo gari tana ratsa tsakanin gidajen kwano na kilomita da dama kafin dutsen Table ya cika ido. Kuskuren kwana ɗaya ya isa. A Agustan 2023, lokacin yajin aikin direbobin haya, wani likita ɗan Birtaniya ya kauce hanya daga filin jirgi ya faɗa Nyanga, aka harbe shi a gaban iyalinsa. Daga baya sai da hukumomi suka nemi Google ta daina nuna wa direbobi wannan hanyar a taswirarta.

To, ga yadda na fahimci abin. Johannesburg, da wariya ta faɗi, talakawa suka shigo tsakiya, masu kuɗi suka fita. Cape Town masu kuɗi suka riƙe tsakiya, talakawa suka ci gaba da zama inda wariya ta ajiye su, har masu fafutukar gidaje suna yawan tuna wa hukuma cewa tun 1994 ba ta gina wa masu ƙaramin ƙarfi gidajen kirki a ƙwaryar birnin ba. Baƙo na ganin talaucin Johannesburg domin yana tsaye a cikinsa, na Cape Town kuwa sai ya leƙa ta tagar mota.

Alƙaluman 'yan sanda ma suna iya ruɗa mutum. Ofishin 'yan sanda na tsakiyar Cape Town yana yawan zuwa sahun gaba a ƙasar wajen yawan ƙarar da ake shigarwa. Wanda ya ga haka zai ce ai ta fi haɗari. Amma yawancin ƙarar ta sata ce: an fasa gilashin mota, an zare waya a gidan rawa, an yanki aljihu. Kuma Bature ɗan yawon buɗe ido dole ya kai ƙara don kamfanin inshora ya biya shi, alhali ɗan Malawi da ba shi da takardar zama, in an tare shi da wuƙa a kusa da tashar motocin haya ta Noord a Johannesburg, ofishin 'yan sanda ne wuri na ƙarshe da zai nufa. Irin laifin ma ya bambanta. Na Johannesburg na ƙarfi ne: mutum uku ko huɗu su kewaye ka da rana tsaka, ɗaya ya shaƙe ka ta baya, sauran su lalube aljihu, jama'a na wucewa. Na tsakiyar Cape Town ya fi karkata ga wayo. Ni kaina wani mai tsaf-tsaf da riga mai kama da ta ma'aikata ya tare ni kusa da titin Long, ya ce ana ɗaukar fim a gaba, sai na sayi takardar izinin wucewa, ga na'ura can zan sa katina, kuɗin ba yawa. Ladabinsa ne ma ya sa na tsargu. Babu wata takardar izinin tafiya a titi a garin, katin ake so da lambar sirri. Akwai kuma masu tare mutane a hanyoyin hawa dutse, musamman wanda ya tafi shi kaɗai da sassafe ko dab da magariba, da rikicin masu karɓar kuɗin kariya a gidajen rawa na titin Long, wanda bai cika shafar mai kwanciya da wuri ba.

Wajen abin kallo, in kyau ake nema, babu gasa. Dutsen Table mai tsayin sama da mita 1,000 yana tsaye a kan garin, ana hawansa da keken igiya tun 1929. Cikin tafiyar awa ɗaya da ƙafa mutum zai ga lambun da Turawan Holan suka shuka bayan saukarsu a 1652, da ganuwar da suka gama a 1679, da gidan da suka tsare bayi, da barandar zauren birni inda Mandela ya yi jawabinsa na farko ranar da aka sake shi, 11 ga Fabrairu 1990, rana ɗaya da wadda aka yanke wa District Six hukunci shekara 24 kafin nan. A bakin ruwa ake hawa jirgi zuwa tsibirin Robben inda ya yi 18 daga cikin shekara 27 na ɗaurinsa.

Ni dai inda zuciyata ta tsaya shi ne Bo-Kaap, unguwar Musulmi da ke jingine da tudu, minti biyar daga manyan benaye. Masu ɗaukar hoto suna zuwa ne don gidajenta masu launin kore da ruwan hoda da shuɗi, amma a titin Dorp akwai masallacin Auwal, na farko a ƙasar, tun 1794. Limaminsa na farko, wanda suke kira Tuan Guru, ɗan sarauta ne daga tsibirin Tidore na Indunusiya. Turawan Holan suka kawo shi a ɗaure a 1780 suka tsare shi a tsibirin Robben, kusan shekara ɗari biyu kafin Mandela. A can ya rubuta Alƙur'ani da ka, babu abin dubawa, kuma ɗaya daga cikin rubuce-rubucensa na nan a masallacin. Duk wanda ya san darajar alaramman da ya rubuta ya satu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Almajiran makarantun unguwar sun riƙa rubuta harshen Afirkans da haruffan Larabci, wato su ma suna da ajaminsu. Na yi Juma'a a nan, bayan sallama wani dattijo ya riƙe hannuna ya tambayi daga ina, da na ce Najeriya ya ja ni gidansa shan shayi da wani soyayyen fanke mai kirfa da kwakwa. Kukansa ɗaya: kuɗin harajin gida na tashi saboda attajiran waje na saye unguwar, 'ya'yansa ba za su iya zama inda aka haife su ba.

Johannesburg ba ta da dutse ba ta da teku, abin kallonta sai an nema. Amma tarihin ƙasar na ƙarni na ashirin a titunanta aka yi shi. A kan tudun Constitution akwai tsohon kurkukun da aka tsare Gandhi da Mandela a lokuta daban-daban, aka rushe wani sashe nasa aka gina Kotun Tsarin Mulki da tubalinsa, aka buɗe ta a 2004, kuma kowa na iya shiga ya zauna ya saurari shari'a. A titin Fox akwai ƙaramin benen da Mandela da Oliver Tambo suka buɗe ofishin lauya a 1952. A harabar masallacin Hamidia ne Indiyawa suka ƙona takardun rajistarsu a gaban Gandhi a 1908. Babban ofishin 'yan sanda na yau shi ne wanda aka jeho malamin makaranta Ahmed Timol daga hawa na goma a 1971 aka ce shi ya faɗo da kansa, sai a 2017 kotu ta tabbatar kashe shi aka yi. Ga hasumiyar Ponte mai hawa 54, zagayayya mai rami a tsakiya, wadda a lokacin lalacewarta shara ta cika ramin har benaye da dama, yanzu an gyara ta ana kai baƙi kallo. Ga kasuwar Faraday ta masu maganin gargajiya, sassaƙe da saiwoyi da fatun namun daji, inda ɗan magori zai ji kamar a gida. Da yamma kuma Fordsburg da Mayfair, unguwannin Indiyawa da Somaliyawa da Pakistanawa, inda ake kiran salla a lasifika kuma ba sai ka tambayi ko naman halal ne ba. Duk waɗannan ana zuwa, amma daga ƙofa zuwa ƙofa a mota, ko da ɗan gari a gaba. Baƙo makahon gari ne, a nan kuwa makantar na da tsada.

Akwai abu ɗaya da lissafin Bature ɗan yawon buɗe ido ba ya ɗauka, mu kuwa ya shafe mu. A Johannesburg baƙar fata ba ya fita daban a cikin taro, wannan kariya ce, har sai ya buɗe baki. Hare-haren ƙin jinin baƙi na 2008 sun ci rai sama da 60, kuma a Satumban 2019 an fasa shagunan baƙi a Jeppestown da kewayen tsakiyar garin har jirgin Air Peace ya kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya. Sunan Najeriya a Hillbrow ya daɗe da haɗuwa da zargin ƙwaya, mai laifi da marar laifi duk ana yi musu kuɗin goro, kuma ɗan sanda na iya tsayar da kai ya nemi fasfo. A tsakiyar Cape Town ba wanda ya tsayar da ni, amma na shiga gidajen abinci inda baƙaƙen da ke ciki ni ne da masu kawo abinci.

Kawu ya saurari duk wannan yana jan carbi, sannan ya ce, "To yanzu ina zan sauka?"

Na ce a Cape Town ya kama ɗaki kusa da Bo-Kaap, ya yi asuba a Auwal, ya yi yawonsa, kada ya hau dutse shi kaɗai, kada ya miƙa wa kowa katinsa, in ya taso daga filin jirgi kada direba ya sauka daga babbar hanya. A Johannesburg ya kwana a Fordsburg ko Rosebank da ke arewacin garin, ya shiga cikin gari da hantsi tare da wanda zai yi harkar kasuwa da shi, ya fito kafin la'asar sakaliya, babbar waya ta zauna a masauki.

Ya ce, "Wato garin da kuɗina yake shi ne ba zan taka da ƙafa ba."

Na ce haka ne, Kawu. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya aiki yaro ya duba masa tsohuwar ƙaramar wayarsa mai tocila a cikin durowa, ko batirinta na nan da rai.